Duba Lafiya da Sararin Rukunin Faifai a Oracle ASM

Assalamu alaikum. A ce wuta ta ɗauke cikin dare a ofishinku nan Kano, janareta ya yi jinkirin tashi, sabar ta mutu ta dawo. Kafin ka ce wa oga komai lafiya, fara leƙa rukunin faifan da rumbun bayanan ke zaune a kai, wanda ASM, wato manhajar Oracle mai kula da faifan ajiya, ke tafiyarwa.

Shiga sabar da asusun grid, wato asusun da ke tafiyar da ASM, ka buga ". oraenv", ka ba shi +ASM, ko +ASM1 a sabar farko in RAC kuke amfani da shi, wato sabobi da yawa a kan rumbu ɗaya. Sai ka rubuta "asmcmd lsdg".

Ga teburin nan ya fito. Ƙarƙashin State, MOUNTED kake son gani, wato rukunin ya hau. Rukunin da bai hau ba ma ba zai bayyana ba, sai ka ƙara "--discovery". Offline_disks ya zama sifili. Rebal in ya nuna Y, ana rarraba bayanai tsakanin faifai ne, "asmcmd lsop" zai nuna maka inda aikin ya kai.

Yanzu sarari, inda mutane suka fi yaudaruwa. Ido yakan tafi kan Free_MB, amma wannan ɗanyen lissafi ne. Dubi Type tukuna. EXTERN kwafi ɗaya ne, NORMAL biyu, HIGH uku. Ɗauki rukunin NORMAL mai Free_MB 400,000. Req_mir_free_MB kuma 100,000, wato wurin da ASM ke buƙata don sake gina kwafi in faifai ya lalace. Cire shi, saura 300,000, raba biyu: 150,000 kacal. Wannan shi ne Usable_file_MB, shi ne gaskiyar abin da ke hannunka.

Lambar nan tana iya komawa ƙasa da sifili. Rumbun zai ci gaba da aiki kamar ba komai, amma ranar da faifai ya mutu, ba wurin mayar da kwafi na biyu. In wuri ya ƙare gaba ɗaya kuwa, ORA-15041 za ka gani.

Ka ga faifai ya fita, wato Offline_disks ya wuce sifili? "asmcmd lsdsk -p -G DATA" zai nuna wanne ne (sa sunan rukuninka a wurin DATA). Kada ka bari sai bayan la'asar, domin akwai wa'adin disk_repair_time, lokacin da ASM ke jiran faifan ya dawo, awa 3.6 a sigar Oracle 11g da 12c in ba a canza shi ba. Ya wuce, ASM zai cire faifan daga rukunin, sai dai ka sake saka shi a jira rarrabawa daga farko.