Yadda ake gwada manhajojin da ke sarrafa na'urar UPS, da dalilin haɗe su wuri guda

Masu kallo, duk wanda ke kula da kwamfutoci a asibiti ko ofis a Sennar, Gadarif ko Mai Wurno a ƙasar Sudan ya san cewa ɗaukewar wuta ba ta sallama, kuma lamarin ya ƙara tsananta tun ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023. Na'urar UPS tana riƙe wuta na ɗan lokaci da batirinta, amma idan kwamfuta ba ta samu labarin cewa batirin ya kusa ƙarewa ba, za ta mutu farat ɗaya, bayanan da ake rubutawa kuma su lalace.

Ƙaramar manhajar da ake kira direba ita ce ke isar da wannan labari. Shirin Network UPS Tools, wanda aka fi sani da NUT, ya tattara irin waɗannan direbobi da yawa a ƙarƙashin lasisin GPL, wato kowa yana da damar karanta su, ya gyara, ya raba wa wasu.

Matsalar ita ce, na'urori masu araha da yawa, ko da sunayen kamfanoninsu sun bambanta, suna amfani da tsarin sadarwa na Megatec ko wani danginsa. Kwamfuta takan aika umarnin Q1, na'urar kuma ta mayar da layi guda mai ɗauke da ƙarfin wutar da ke shiga da wadda ke fita, da nauyin da ke kanta, da ƙarfin batiri. Shekara da shekaru direbobi daban-daban, irin su blazer_ser da blazer_usb, suna maimaita kusan aiki ɗaya, har gyaran da aka yi a ɗaya ya kasa isa ga ɗaya. Shi ya sa aka rubuta nutdrv_qx domin ya tara wannan dangi a wuri guda. Sai dai ba a iya ajiye tsohon direba har sai an tabbatar sabon yana aiki a kan na'urorin da tsohon ke kula da su, alhali masu rubuta manhajar ba su mallaki yawancinsu ba.

A nan ne ma'aikacin da ke Sudan yake da muhimmanci, domin yanayin da wasu ke ƙirƙirowa a ɗakin gwaji, na janareta mai hawa da sauka da batirin da zafi ya gajiyar, shi ne nasa na kullum.

Gwajin kansa ba shi da wuya. A rubuta sunan sabon direban a fayil ɗin saituna na NUT mai suna ups.conf, sannan a yi amfani da upsc, manhajar da ke nuna bayanan na'urar, a kwatanta sakamakonsa da na tsohon. A katse wuta daga makunni maimakon zare filogi, don kada na'urar ta rabu da wayar ƙasa, kuma a fara da fitila kafin a jona kwamfuta mai muhimmanci. Alamar OL (akwai wuta) ya kamata ta koma OB (ana kan batiri), daga baya LB (batiri ya yi ƙasa) ta bayyana, upsmon kuma, wato manhajar NUT mai sa ido a kan na'urar, ya kashe kwamfutar cikin tsari.

A lura musamman da adadin cajin batiri, domin amsar Q1 ba ta ɗauke da shi, direban ne ke ƙiyasta shi daga ƙarfin batirin, kuma ƙiyasin yakan kauce idan batirin ya tsufa. Duk bambancin da aka gani, a aika shi tare da samfurin na'urar da cikakken sakamakon upsc zuwa shafin NUT da ke GitHub, dandalin intanet da masu rubuta manhaja ke aiki tare.