Ƙurar da ta biyo bayan rushewar tagwayen benaye na New York

Assalamu alaikum. Jama'a, maganar jirage da wuta kowa ya gani a talabijin. Ni yau kan ƙurar zan tsaya.

Ranar 11 ga Satumban 2001, benaye biyu masu hawa 110 suka rufto a yankin Manhattan na birnin New York, bayan 'yan ta'adda sun afka musu da jiragen sama. Duk abin da ke ciki ya niƙe ya zama gari: siminti, gilashi, dalma, har da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ake sa wa gini don kare shi daga wuta. Ku tuno hotunan mutanen da suka fito fari fat, kamar an turbuɗa su cikin toka, har gashin idonsu. To, abin da ya rufe musu jiki shi suka shaƙa, shi suka haɗiye.

Garin siminti kaifi gare shi irin na soda. Da ya taɓa danshin hanci da maƙogwaro sai ya fara ƙuna. Daga nan masu aikin ceto suka kamu da busasshen tari wanda ba ya jin magani, asma ta biyo baya, ga toshewar hanci, ga ƙwannafi mai hana barci. Da aka auna numfashin 'yan kwana-kwanan birnin, an tarar cikin shekara guda huhunsu ya yi raunin da sai an shekara 12 ake yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan. Ranar 18 ga Satumba, shugabar hukumar kare muhalli ta Amurka, Christine Todd Whitman, ta ce iskar ba ta da illa. Alhali wuta na ci a ƙarƙashin ɓaraguzai har watan Disamba! Mutane suka koma gidajensu suna goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, ma'aikata da dama suna tono ba takunkumi. Sai a 2016 Whitman ta nemi afuwa.

Ɗan sanda James Zadroga ya rasu a 2006 yana da shekara 34, huhunsa ya lalace. Sunansa aka sa wa dokar da Obama ya rattaba wa hannu a 2011 don jinyar waɗannan bayin Allah, a 2012 kuma aka shigar da ciwon daji.

Ku riƙe wannan adadi: 'yan kwana-kwana 343 suka mutu ranar da abin ya faru. Zuwa Satumban 2023, waɗanda cutar ƙurar ta kashe cikin ma'aikatan hukumarsu su ma sun kai 343. Kuma ciwon dajin da asbestos ke jawowa yakan yi shekara 20 zuwa 50 kwance kafin ya bayyana, yanzu ne ma lokacinsa ke shigowa.