Ina ƙwaƙwalwa take ajiye abin da ido ya gani?

Masu kallo, a shekarar 1988 wani masanin halayyar yara a Amurka, Andrew Meltzoff, ya zaunar da jarirai 'yan wata 14 a gaban wani akwati mai fitila. Wani babba ya sunkuya ya taɓa akwatin da goshinsa, fitilar ta kama, kuma ba a bar jariran sun taɓa shi ba a ranar. Da aka dawo da su bayan mako guda, kusan biyu bisa ukunsu suka sunkuya suka kai goshi, alhali cikin waɗanda ba a nuna musu ba babu ko ɗaya da ya yi haka.

To, a ina aikin ya kwana har tsawon mako guda, tunda hannu bai yi shi ba, goshi ma bai gwada ba? Masana sun ce ƙwaƙwalwa tana mayar da abin da aka gani zuwa alama, wato wakili na cikin kai da ke tsayawa a madadin abin idan ya ɓace daga gani. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Jerome Bruner, ya kasa wannan wakilci gida uku: na motsin jiki, na hoto, da na harshe ko lissafi. Na ukun ya fi sauran nisan zango, domin kalmar "wuta" ba ta ƙuna kuma ba ta kama da harshen wuta, amma tana isa ta hana yaro miƙa hannu. Ƙwaƙwalwa ba ta kwafe komai kamar kyamara. Taƙaitawa take yi, ta riƙe jeren matakai ta zubar da saura, shi ya sa wanda ya faɗa wa kansa matakan aiki da baki yakan fi wanda ya zuba ido kawai tunawa da shi.

Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford, shi ya fi kowa bin diddigin wannan batu. A 1961 ya yi gwaji da yara 72, inda wasunsu suka kalli babba yana dukan wata 'yartsana ta roba mai suna Bobo, daga baya suka kwaikwayi dukan har da kalmomin da ya furta. Sai dai gwajinsa na 1965 ne ya fi fito da maganar fili. Yaran da suka ga an hukunta mai dukan sun rage kwaikwayo, amma da aka yi musu alkawarin lada idan suka nuna abin da suka gani, sai suka nuna shi daidai da sauran. Ashe sun koya sarai, tsoron sakamako ne ya sa suka kame hannu.

Daga nan Bandura ya ce koyo ta kallo yana buƙatar mayar da hankali, da riƙewa, da iya aikatawa, da kuma dalilin da zai sa mutum ya aikata. An soki gwajin cewa 'yartsanar dama don duka aka ƙera ta, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya idan ana maganar ko yaran sun zama masu faɗa. Amma ba ta taɓa batun riƙewa ba, domin yaran sun maimaita ainihin motsin da kalmomin da babban ya yi, alhali ba ya wurin.