Jawabin Maraba ga Mai Girma Babban Baƙonmu, daga Masu Binciken Ƙwayoyin Gado

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. A madadin malamai, ɗalibai da ma'aikatan wannan ɗakin bincike, muna yi maka lale marhabin. Ba sai mun tsaya lissafa alheranka ba, kowa a nan ya san hannunka a buɗe yake ga ilimi. Shi ya sa za mu faɗi kukanmu tun kafin ka huta: muna roƙon firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, da wutar da ba ta ɗaukewa.

Ranka ya daɗe, jikin ɗan Adam yana ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu ba da umarnin haɗa furotin. Iri ɗaya ne a hanta da fata da ƙwaƙwalwa, amma kowace ƙwayar halitta tana kunna wasu, ta kashe wasu. Idan zafi ya matsa mata, ko iskar oksijin ta yi ƙaranci, ko guba ta shigo, nan take sai ta sauya abin da ta kunna don ta tsira. Inda wannan sauyi ya kuskure, nan cuta take samun ƙofa. Aikinmu ke nan, kuma muna alfahari da shi.

Fannin bincikenmu tsoho ne mai asali. A 1962 Ferruccio Ritossa a Italiya ya lura cewa idan aka ƙara wa tsutsar ƙudan 'ya'yan itace zafi, wasu sassan zaren gadonta suna kumbura, alamar sun fara aiki. An daɗe ba a ba aikin nasa muhimmanci ba. A 2019 William Kaelin, Peter Ratcliffe da Gregg Semenza suka karɓi lambar yabo ta Nobel don gano yadda ƙwayar halitta take jin ƙarancin oksijin. A 2024 aka ba Victor Ambros da Gary Ruvkun tasu kan ƙananan RNA, wato guntayen kwafi da ƙwayar halitta ke yi daga zaren gadonta, masu rage aikin ƙwayoyin gado, abin da suka gano tun 1993 a jikin wata 'yar tsutsa. Wanda ya fi taɓa zukatanmu shi ne Casgevy, maganin sikila da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Yana rage ƙarfin ƙwayar gadon BCL11A, sai jiki ya koma yin irin jinin da jariri ke yi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa.

Mu kuwa da madubin ƙara girma na aro muka fara, a ɗakin da kowa ya ƙi. Mun sha alkawari har mun gaji da godiya. Duk da haka ɗalibanmu ba su fasa ba.

Abin da ke karya mana gwiwa shi ne RNA. Ita ce shaidar abin da ƙwayar halitta ta kunna a daidai lokacin da aka ɗebi samfur, kuma ba ta jure ɗumi. A dare ɗaya tsohuwar firizarmu ta tsaya, gari ya waye samfuran da marasa lafiya suka ba mu da amana sun lalace. Mun ga ɗalibi babba yana hawaye a gaban ƙofarta. Da wace fuska za mu koma wa mai sikila mu ce ya sake miƙo hannu?

Muna kuma buƙatar sinadaran gwaji da horo ga ma'aikatanmu, amma waɗannan za su iya jira. Firizar ce ba za ta jira ba, ranka ya daɗe, ita da wutarta. Mun riga mun share mata wuri a kusurwar ɗakin, kuma muna roƙon ka taka ka gan shi da idonka kafin ka tafi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya mai da kai gida lafiya.

Kwamitin Tarba, a madadin ma'aikata da ɗalibai