Lacca: Gidan gilashin Liverpool da yaƙinsa da tsatsa

Assalamu alaikum, jama'a. Na ga wasu na ta fifita. To, wannan zafin da muke gudu, shi Turawan Ingila suka zuba dukiya suna nema a zamanin Sarauniya Victoria, don su raya kwakwa da ayaba a ƙasar da sanyi ke kashe su.

Kafin 1845 akwai haraji mai nauyi a kan gilashi a Biritaniya. Da aka soke shi, ga kuma ƙarfe ya yi araha, sai aka shiga gina manyan gidaje na ƙarfe da gilashi zalla, ana ɗumama su da bututun ruwan zafi. Na lambun Kew a Landan, wanda Decimus Burton da Richard Turner suka gama a 1848, shi aka fi sani. Amma ni na Sefton Park da ke Liverpool ya fi jan hankalina, saboda a filin shaƙatawar gari yake, inda talaka ke zuwa.

An buɗe shi a 1896, kyautar wani attajiri, Henry Yates Thompson. Kusurwa takwas gare shi, da ƙubba hawa uku. A watan Mayun 1941 bam ɗin Jamusawa ya faɗi kusa da shi, gilasan suka tarwatse. Aka sake sa su a 1950.

Sai dai ɓarnar bam ba ta kai ta raɓa ba. Ku lura da kyau: tsiron yana son ɗumi da danshi, shi kuwa ƙarfe danshi ne ajalinsa. Tururi ya tashi, ya taɓa gilashi mai sanyi, ya koma ruwa, ya gangara cikin mahaɗar ƙarfe. Tsatsa ta kumbura, ta matse gilashin har ya tsage. Haka tsatsar take ta cin ginin daga ciki har aka rufe shi a shekarun 1980, don kada gilashi ya faɗo wa wani a ka.

Mutanen gari ne suka ƙi yarda. A 1992 suka yi taro, suka shiga karo-karo, kowa ya ɗauki nauyin fallen gilashi guda. Daga baya kuɗin asusun caca na ƙasa da na Tarayyar Turai suka shigo, aka yi gyara na gaske, aka sake buɗewa a 2001.

Yau har bikin aure ake yi a ciki, kuɗin hayar na taimakawa wajen kula da ginin. Mai tambaya a baya can, bismillah.