Yaƙin Tarabulus: Ranar da Aka Sare Sandar Tutar Amurka

Jama'a, ku dubi taswirar Arewacin Afirka. Za ku ga Tarabulus, a Libiya ta yau, garin da a da ayarin fatake daga Kano da Borno kan sauke kaya bayan ƙetare Sahara.

A ƙarshen ƙarni na 18, ƙasar da ke son jiragen kasuwancinta su bi Bahar Rum lafiya, sai ta biya sarakunan Tarabulus da Tunis da Aljiya kuɗin hanya. In ta ƙi, a kama jirgi, a tsare ma'aikatansa sai an fanshe su. Lokacin da Amurka ke hannun Ingila, a inuwar Ingila take fakewa. Da ta sami 'yanci, rana ta buɗe mata, ita ma ta fara biya.

A 1801 Basha Yusuf Karamanli, sarkin Tarabulus, ya nemi dala 225,000 daga sabon shugaban Amurka Thomas Jefferson. Jefferson ya ce allambaram. A watan Mayu mutanen Basha suka je ofishin jakadancin Amurka suka sare sandar tuta. Shelar yaƙi ke nan.

Da farko Amurkawa ba su ji da daɗi ba. A Oktoban 1803 jirgin yaƙinsu, Philadelphia, ya maƙale a kan duwatsun ƙarƙashin ruwa, aka cafke mutum sama da 300, aka ja jirgin zuwa tashar Tarabulus. A Fabrairun 1804, watan da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, wani matashin hafsa, Stephen Decatur, ya lallaɓa cikin tashar da dare a wani ƙaramin jirgi. Matuƙinsa ɗan Sisili ne, ya ƙwala wa masu gadi kira da Larabci cewa guguwa ta tsinke musu anka, a bar su su ɗaure a jikin Philadelphia. Aka yarda. Kafin a ankara sun haye sun banka masa wuta.

Sai William Eaton, wani jami'in Amurka, ya nemo Hamid, yayan Yusuf da aka kora daga karaga, suka taso daga Iskandariyya da sojan haya, tafiyar mil kusan 500 a hamada, suka ci Derna, wani gari na ƙasar Basha, a Afrilun 1805. Yusuf ya ji wuta, aka sasanta a watan Yuni.

To, ga abin dariyar. Amurkar da ta ce ba ta biyan sisi ta kirga dala 60,000 ta miƙa, wai fansar fursunoni ce, ba haraji ba. Hamid kuwa, da aka yi wa romon baka da sarauta, a jirgi aka sulale da shi daga Derna cikin dare. Aljiya ma ta ci gaba da karɓar nata har 1815.