Yahudawan Buttenhausen: Daga Takardar Kariya zuwa Daren Gobara

Jama'a, barkanmu da war haka. Ƙauyen da za mu yi magana a kansa yau sunansa Buttenhausen, yana kwarin kogin Lauter a yankin Württemberg, kudu maso yammacin Jamus. A shekarar 1787 mai ƙauyen, wani basarake da ake kira Philipp Friedrich von Liebenstein, ya ba iyalai 25 na Yahudawa takardar kariya, wadda ta ba su izinin zama a ƙasarsa bisa sharaɗin su riƙa biyan kuɗi duk shekara. Ba don tausayi ya yi haka ba, kuɗin shiga yake nema. Bayan shekara biyu suka sami filin makabarta a gefen tudu, a 1795 kuma suka gina majami'arsu.

Kogin ya raba ƙauyen gida biyu, Kiristoci a wannan gaɓa, Yahudawa a waccan, amma ciniki ya haɗa su, domin yawancin Yahudawan fataken shanu da dawaki ne da 'yan koli, kuma manomin da ke son sayar da saniyarsa wurinsu yake zuwa. Wajen 1870 sun kai kimanin rabin mutanen ƙauyen. Abin da ya fara rage su ba tsanantawa ba ce, 'yanci ne: da dokar 1864 ta daidaita haƙƙinsu da na sauran 'yan ƙasa, sai matasa suka kama hanyar Stuttgart da Munich da Amurka. Ɗaya daga cikinsu, Lehmann Bernheimer, wanda ya yi arziki a Munich, ya gina wa ƙauyen makaranta a farkon ƙarni na 20, 'ya'yan Kiristoci da na Yahudawa suna karatu tare. Lokacin da Hitler ya hau mulki a 1933, saura Yahudawa 89.

Ku saurari abin da ya faru a Nuwamban 1938, domin a nan ne labarin ya fi nauyi. Da 'yan bangar Nazi suka cinna wa majami'ar wuta, 'yan kwana-kwanan ƙauyen ne suka kashe ta, shugaban ƙauyen ma ya nuna ƙin amincewarsa. Sai aka komo ranar 10 ga wata, aka ƙone ta ƙurmus. A ganina wannan turjiya ta cancanci a ambace ta, amma kada a kambama ta.

Daga 1940 hukuma ta riƙa kwaso tsofaffin Yahudawa daga birane tana cusa su a gidajen da masu su suka bari, sannan aka kwashe su, wasu zuwa birnin Riga na ƙasar Latvia a Disamban 1941, wasu zuwa sansanin tsare Yahudawa na Theresienstadt, a ƙasar Czech ta yanzu, a Agustan 1942. Cikinsu har da malamin al'ummar, Naphtali Berlinger, wanda ya ƙi barin jama'arsa, ya kuma rasu a Theresienstadt a 1943. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani manomi Kirista, Walter Ott, ya ɗauki nauyin gyara makabartar da tattara takardun mutanen, kuma a yau makarantar Bernheimer ce gidan tarihinsu.